Goyon Maharbi

Rana ta faɗi, hasken da ya rage a tsakar gida bai wuce na gane fuskar mutum ba, matar maharbi ta gama kwashe shanya, ta sunkuya za ta goya 'yarta kamar kullum. Kafin ta ja zani yarinyar ta sandare, ta tsala wani irin ihu da ya tayar da kajin da suka riga suka shige akurki. Ta sauke ta, yarinya ta yi tsit. Ta sake ɗora ta, ihun ya dawo.

Uwar maharbin tana gefe tana alwala. Ta ajiye buta, ta zo ta shafa bayan surukarta ko wani tsinke ne ya maƙale a riga. Ba tsinke. Sai dai bayan sanyi ƙalau kamar jikin randa, kuma da tsohuwar ta kai tafin hannunta hanci sai ta kau da kai ta tofar da yawu. Ƙarnin jini ne, jinin da ya kwana ya tsufa.

"Wannan ai warin jakar can ne," in ji tsohuwar, tana duban kusurwar ɗakin ajiya.

Ita wannan jaka, duk unguwar an san da zamanta, don mai ita bai bar kunnen kowa ya huta ba. Shekara da shekaru da buhu da igiya yake ɗauko nama daga daji, har igiyar ta yi masa kanta a kafaɗu. Da ya tashi sayen jakar goyo sai da ya gajiyar da masu shaguna, wannan ta yi masa gajarta, waccan ba ƙarfe a cikinta. A ƙarshe wani mai shago ya auna bayansa da tef, daga ƙashin nan mai tsini na gindin wuya zuwa saman ƙugu, ya miƙo masa wata mai ƙarafa biyu da ɗamara mai kauri. Ya ce masa ƙugu ke ɗaukar nauyi, ba kafaɗa ba. A fara ɗaure ɗamarar ta zauna a kan ƙashi, sannan a ja igiyoyin kafaɗa, sannan 'yan ƙananan na sama masu jawo kaya ya manne da baya, ta ƙirji ita ce ƙarshe. Ya ƙara da cewa ba a daidaita jaka wayam, sai da nauyi a cikinta.

Duk ya haddace. Abin da bai taɓa shiga kansa ba shi ne ruwa da sabulu. Ya ɗauko cinyoyin barewa, jini ya tsiyaye ya shige cikin soson baya, ya jingine ta a kusurwa ya tafi majalisa yana ba da labari. Jini ya bushe, wani ya hau kansa. Gashi da kitse suka daskare a haƙoran zif. Koren ƙudaje suka mai da ɗakin gidansu, in ka matsa soson da yatsa wani baƙin ruwa ne ke tsattsafowa, fararen tsutsotsi na leƙe ta bakin ɗinki. Matar ta ce bari ta wanke, ya ce kada ta kuskura, za ta ɓata masa saitin igiyoyi. Tir da wannan hali! Mutum da gemunsa, yana kwana da mushe a gida yana kiransa kayan aiki.

Tun daga yammacin nan gidan bai ƙara zama daidai ba. Da magariba ta kawo kai sai tsakuwa ta fara sauka a kan kwano, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Daga ɗakin ajiya kuma a ji ƙarar maɗaurin ɗamara, ƙas, ƙas, kamar wani na buɗewa yana rufewa. Matar ta fara tafiya a duƙe. Wasu sawu biyu jajaye suka fito mata a kafaɗu, wani ya zagaye ƙugunta, alhali ba ta ɗauki komai ba. Ita kuwa yarinyar ba ta san barci ba sai a bayan uwarta. Ta daina barci, ta daina kama nono, wuyanta ya zama siriri, kukan ma ya koma kamar na 'yar kyanwa.

"Sanyi ne ya kama ta," in ji maharbin. "Zai sake ta."

"Sanyin gidanku," uwarsa ta ce. "Jikata za ta mutu a hannuna kana ce mini sanyi."

Ta yafa mayafi da kanta ta je ta taho da malam mai ruƙiya, wani dattijo marar yawan magana. La'asar ta yi sanyi lokacin da ya shigo. Ya dubi matar da ke zaune a tabarma goshinta na neman taɓa gwiwa, ya ce a kawo jakar. Da maharbin ya fito da ita ƙudaje na biye da shi, malam ya rufe hanci da gefen rawani, ya ce a ajiye ta can nesa. Ya zauna ya fara karatu, a hankali, ba ya ɗaga murya. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta rufe tsakar gidan, ko tsuntsu ba ka ji.

Can matar ta ɗago kai. Idanun nata ne, amma muryar da ta fito ta wani tsoho ce, a dushe, da haki.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, kuma me ya kawo ka gidan mutane?"

"Kawo ni aka yi. Tambayi wancan ƙazamin." Hannun matar ya nuna mijinta. "Ina zaune a gindin tsamiyata, ƙafafuna sun mutu, ban tsokani kowa ba. Ya zo da sabuwar jaka, bai harbi komai ba, yana ta jan igiyoyi yana tsaki wai ba nauyi. Sai ya dubi daji ya ce, 'Ba wanda zai hau in goya shi in gwada?' Ni kuwa na hau. Ya ɗaure ɗamara, ya ja nan ya sassauta can, har ya ce yawwa, yanzu ta zauna. Da nauyina ya daidaita ta. Wanda ya ce a hau ya goya, ai ya ɗauki goyo."

Maharbin ya ce, "Wasa fa nake yi. Na zaci igiyoyin ne suka kama."

"To, me ya fitar da kai daga jakar ka hau baiwar Allah?" in ji malam.

Fuskar matar ta yamutse kamar mai shirin amai. "Kai za ka iya zama a ciki? Ku kuke cewa mu ne masu son ƙazanta. Wallahi tun da aka halicce ni ban taɓa kwana cikin ɗoyi irin wannan ba. Tsutsa na bi ta kunnena. Na duba gidan kaf, bayan matar nan kaɗai na samu mai tsabta."

"Bayan nan da mai shi," malam ya ce. "Ga ta can tana mutuwa. Ka sauka, ko in ci gaba."

Sai muryar ta ce, "Zan sauka. Ya wanke jakar da hannunsa, ba da hannun mace ba. Ya goya ni ya mai da ni inda ya ɗauko ni, kada ya sauke a hanya. Kuma ya bar mini jakar a can, ta zama shimfiɗata."

Kowa ya juya ga maharbin. Yarinyar na hannun kakarta, numfashinta sama sama. Shi kuwa bawan Allahn nan sai ya tsaya yana susar ƙeya, yana duban jakar, yana duban ƙasa.

"Malam," ya ce, "a tambaye shi mana, ko zai yarda in zare ƙarafan cikin."

Kafin malam ya buɗe baki tsohuwar ta ɗauke ɗanta da mari. "Allah wadaran nonon da na ba ka! Tashi ka ɗebo ruwa!"

Ya durƙusa a bakin kwata yana dirza. Baƙin ruwa na gudu, tsutsotsi na birgima a ciki, sau da yawa yana juya kai yana kakarin amai, ba wanda ya taya shi. Da ya gama ya saɓa ta a jiƙe, ya ɗaure ɗamara. Malam ya yi karatu kaɗan. Matar ta yi wata doguwar atishawa ta sulale a tabarma, shi kuma gwiwoyinsa suka lanƙwashe, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Haka ya fita yana jan ƙafa, jaka wayam a bayansa.

Da matar ta farfaɗo ta tambayi abin da ya faru. Tsohuwar ba ta rage mata komai ba, har maganar ƙarafan. Ta saurara har ƙarshe. Ta yi wanka, ta karɓi 'yarta, yarinya ta kama nono ta sha har ta saki don kanta. Sannan uwar ta ɗora ta a baya, kowa ya riƙe numfashi. Yarinyar ta kwantar da kunci ta yi barci.

Sai washegari da hantsi maharbin ya dawo, rigarsa ta manne da ciwon da ɗamara ta yi masa. Ya tarar da matarsa tsaye a tsakar gida da goyo, ƙullin kayanta a ka, uwarsa na riƙe mata da sauran. Bai ma lura ba. Ya zube a kan turmi ya sauke numfashi.

"Kai," ya ce, "irin jakar nan da wuya a ƙara samu."

Matar ta gyara zanin goyonta, ta karɓi kayan daga hannun tsohuwar.

"Sai ka koma gindin tsamiyar ka roƙe shi," ta ce. "Mu dai ba sai ka nemo mu ba."