Rubutun Cikin Babbar Ganga

Ranar wata Talata da hantsi keke napep biyu suka tsaya a ƙofar wani shagon kafintoci a Sharada. Ta gaba cike take da ganguna, ta baya kuwa wata budurwa ce a ciki, ta rungume faifan tagulla da ake bugawa tare da gangunan kamar za a ƙwace mata.

Kamilu ya karkaɗe garin katako daga rigarsa ya fito. Ba irin gangunanmu ba ne, na Turawa ne, waɗanda mutum ɗaya ke zama ya kaɗa su duka: babba ɗaya ta ƙasa da ƙanana uku, katako tsantsa babu fenti. Ƙarafunan sun yi tsatsa, fatun sun yayyage.

"Sannu da aiki. Kai ne Kamilu?"

"Ni ne, in dai ba ƙara aka kawo ba."

Ta danne dariya. Sunanta Hajjo, ita ke kula da sito a wani kamfani a Bompai. Ginin a da masaƙa ce, kuma ma'aikatanta suna da ƙungiyar kiɗa da ke wasa a bikin ƙarshen shekara. Masaƙar ta mutu, gangunan suka kwana shekara talatin a bayan buhuna. Manaja ya ce a gyara su a ajiye a ofis don tarihi.

"Ya ce a fesa musu jan fenti su yi ƙyalli," in ji Hajjo.

Kamilu ya shafa jikin babbar da tafin hannu, a hankali.

"Ki ce masa ya kai wani shagon. Wannan katakon wanka yake so, ba kwalliya ba."

Ta dube shi, ya dube ta. Daga nan dai magana ta fara, duk da ba wanda ya ce komai.

Kullum in ta tashi aiki sai ta biyo, wai manaja ne ya aiko ta duba. Manajan bai san ma tana zuwa ba. Kamilu ya kwance ƙarafunan ɗaya bayan ɗaya, ya jiƙa su a kananzir, kowace ganga da gwangwaninta don kada notuna su cakuɗe. Katakon kuwa tsumma mai ɗan laima da sabulu kaɗan ya sa masa, yana gogewa yana tsanewa nan take.

"Ka zuba ruwa mana ka huta," ta ce.

"In ya sha ruwa ya kumbura, ke za ki ba shi haƙuri?"

Yana aiki tana ba shi labari. Ita ce auta. Mahaifiyarta, Uwani, ta rasu tana aji uku a firamare. Mahaifinta, Malam Lawal na Challawa, ya yi shekara ashirin a sashen rini na wannan masaƙar, yanzu daga gida sai masallaci, ko rediyo ba a kunna waƙa a gabansa.

Ni dai ban yarda da zancen waya ba, amma abin da ya faru shi zan faɗa. Ran nan Kamilu ya rubuta mata a waya:

"Hajjona, yau na shafa wa ƙaramar kakin zuma. Launinta ya fito kamar shayin da kika kawo mini jiya. Saura uku, amma ina jan ƙafa, don in sun ƙare ban san me zai kawo ki Sharada ba."

Ta mayar masa: "Malam Kafinta, ja ƙafarka da kyau. Manaja ba ya sauri, ni ma haka."

A mako na uku ya zo kan babbar. Da ya cire tsohuwar fatar ya leƙa ciki, sai ya ga rubutu da fensir a jikin katakon, ya dushe amma yana karantuwa: "Lawal Challawa, sashen rini, 1984. Uwani, don ke."

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya ɗauko buhu ya rufe bakin gangar.

Da yamma Hajjo ta zo, ta kai hannu za ta ɗaga buhun. Ya riƙe.

"Bar wannan, Hajjo."

"Me ke ciki?"

"Abin wani ne. Ba ni da ikon nuna miki."

"Wani, ko wata?"

Ya ƙara danne buhun. Ta gyara mayafinta ta fita ko sallama babu. Kwana huɗu yana aika saƙo, ba ta buɗe ba.

To, akwai wani Mubarak, direban babbar motar kamfaninsu, wanda ya daɗe yana zagayen Hajjo ba ta kula shi. Ya taɓa wucewa ya ga Kamilu yana ƙwanƙwasa sabuwar fata da yatsa yana saurare. Bai yi wata-wata ba ya tafi Challawa, ya durƙusa gaban Malam Lawal, ya ce wanda ke neman 'yarsa makaɗi ne, da idonsa ya gani.

Malam Lawal ya kira ta.

"Ba zan ba makaɗi 'yata ba. Na gama magana."

"Baba, kafinta ne fa. Wallahi ko riƙe sandar kiɗa bai iya ba."

"Na ce na gama."

Fushin da take yi da Kamilu sai ya narke ya koma kuka. Ta rubuta masa: "Baba ya ce a'a. An ce masa kai makaɗi ne. In akwai abin da za ka faɗa ka wanke kanka, ka faɗa yanzu."

Ku duba fa. Kalma ɗaya ta ishe shi. Da ya ɗauki hoton rubutun nan ya tura mata, tsohon ba shi da sauran bakin hana kowa. Amma ga abin da ya rubuta: "Autar Baba, ki roƙe shi ya zo ya ga aikina da idonsa. Abin da ya yanke bayan nan na karɓa."

Malam Lawal mutum ne mai tsanani, amma ba ya hukunci da ji kawai. Ranar Asabar bayan la'asar ya zo, Hajjo na biye da shi nesa kaɗan. Yana shiga shagon ya tsaya cak. Ganguna uku na jere a kan benci, katakon ya fito ja-ja kamar zuma, ƙarafuna fes.

Kamilu ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya amsa a gajarce, ya ce, "Ci gaba da aikinka, ina kallo."

Kamilu ya ɗora wa ƙaramar sabuwar fatar maraƙi da ya samo wurin majema a Challawa. Ya ɗauki makullin ɗauri, ya kama notunan yana ɗaurewa bi da bi, yana zagayawa.

"Kai! Kai! Ba haka ba!" Malam Lawal ya fizge makullin. "Wa ya ce maka a jere ake ɗaure ta? Wannan, sai wanda ke fuskantarsa, kamar ɗaurin tayar mota. In ba haka ba fatar ta karkace, muryar ta mutu."

Ya ɗaure, ya ƙwanƙwasa gefe-gefe da ɗan yatsa, ya ƙara rabin juyi. Gangar ta yi wata ƙara mai zurfi, har kafintocin da ke waje suka ɗago kai.

Hajjo ta saki baki tana kallon hannun ubanta.

Tsohon ya ajiye makullin a hankali. Ya taka zuwa babbar, ya yaye buhun, ya sunkuya. An goge cikin gangar tas, sai wuri ɗaya kamar faɗin tafin hannu da aka kewaye, ba a taɓa shi ba.

"Me ya sa ba ka goge nan ba?"

"Ba datti ba ne, Baba."

"Ka san ko na wane ne?"

"Na sani."

"Ka faɗa mata?"

"A'a. Ku kuka rubuta, ku ke da ikon karantawa."

"Ko da na hana ka ita?"

Kamilu ya sunkuyar da kai. "Ko da hakan."

Malam Lawal ya share ido da bakin hannun rigarsa, ya ce ƙurar katako ce. Ba wanda ya musa masa.

"Auta, zo ki ga sunan uwarki."

Ta tsuguna ta karanta, ta sake karantawa, ta dafa katakon da hannu biyu.

"Kakanki ya ce ba zai ba makaɗi 'yarsa ba," in ji tsohon. "Na ajiye sanda a ranar, ban sake waiwaya ba, ban kuma yi nadama ba. Sai ga shi maganar da ta ƙona ni na ɗauko na ɗora wa ɗan mutane." Ya juya ga Kamilu. "Kai kuma ɗaurin fatarka bai yi ba. Amma bakinka ya ɗauru. Ka turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a Challawa. Mubarak ma ya zo, ya ci shinkafa ya ƙara.

Gangunan suna nan a ofishin Bompai, babu fenti. Akwai 'yar huda a jikin babbar inda iska ke fita. Kowace safiya Hajjo kan haska fitilar wayarta ta nan, ta yi wa Uwani addu'a, sannan ta buɗe sito.

Allah Ya ji ƙan Uwani. Su kuma Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, Ya rufa musu asiri kamar yadda yaron nan ya rufa na tsoho. Amin.