Kwalbar Jinin 'Yar Auta

Da hantsi aka kira Sufeto asibitin yara. Kwalbar jini guda ta ɓace daga firiza, a sashen da ake gwajin sabon maganin farfaɗiya. 'Yar kwalba ce, ko tsawon yatsa ba ta kai ba, amma Likita sai sharce gumi yake.

"Da jinin muke gane yawan maganin da ke jikin yaro," in ji shi. "In ya yi kaɗan mu ƙara. Wannan na wata yarinya ne, 'Yar Auta. In bai fito ba cire ta za a yi daga gwajin, ga shi maganin ya karɓe ta."

"Su wa ke da makulli?"

"Mai awo da babbar nas. Ita kam bar ta, ita ta koya mana neman jijiya."

Mai awo, bawan Allah, tun ba a tambaye shi ba ya hau rantsuwa. Abu ɗaya ya ce ya ba shi mamaki: kwalbar cike take taf, alhali na yara da kyar ake samun rabi.

"Ni na ɗiba," in ji babbar nas. "Suka ɗaya, jini ya zo."

Sufeto ya aika a kira uwar yarinyar. Tana zuwa ta ɗaga hannun 'yarta, duk tabon allura.

"Ranka ya daɗe, suka ɗaya ina? Ko ɗigo bai fito ba. Yarinya na ta ihu, sai nas ta ce mu tafi, ya isa."

Ya juya wurin nas. "Mama, naɗe min hannun rigarki."

Ta daɗe kafin ta naɗe. Ga sabon tabo a gwiwar hannu.

"Nawa ne," ta ce, kanta a ƙasa. "Hannuna ya fara rawa, ɗana. Yaran da na koya wa aiki suna tsaye a ƙofa, ta yaya zan ce na kasa? Na rufe ɗaki na ɗebi nawa. Daga baya na tuna ba magani a jinina, in aka auna za a ninka wa yarinya nata. Shi ne na ɗauke."

"Kika bar mai awo da zargi."

Ta gyaɗa kai.

Sufeto bai sa mata ankwa ba, ya dai buɗe ƙofa. Sun zo wucewa uwar ta gyara goyo, ta ce a hankali, "Haba Mama. Da kin ce mu dawo gobe, ai da mun dawo."

Babbar nas ta rufe fuska da tafin hannu. Haka ta tafi har mota.