Gwangwanin Allura a Lefen Taibatu

Ranar wata Talata, kasuwar Mafara na tsakiyar ci, Sanusi ya shigo ƙaramin asibitin bayan tasha yana ɗingishi. Shi ke buɗe ƙofofin kanal ɗin da ke kai ruwan dam ɗin Bakolori gonakin Bakura, kuma a can wani tsohon ƙarfe ya tsage masa dunduniya.

Ma'aikaciyar da ta fito karɓarsa ita ma ɗingishi take yi. Sanusi, da yake bakinsa ba ya shiru, ya ce, "Malama, ashe mun yi anko."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Naka na sati guda ne. Nawa shekara goma ke nan. Zauna."

Kunya ta kama shi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Taibatu ta wanke ciwon, ta tambayi cikakken sunansa, ta tambaye shi ko wata allura ta taɓa tayar masa da ƙuraje ko ta sa shi jiri. Ta ɗauko 'yar kwalba daga akwatin sanyi, ta karanta sunanta da ranar lalacewarta, sannan ta jefa sirinji da allura cikin tukunyar da ke tafasa a kan risho.

"Malama, a tsira mini in tafi mana."

"Sai ta tafasa minti ashirin. In sauri kake, ga ƙofa."

Bai tafi ba. Minti ashirin ɗin nan ya ƙare su yana kallon yadda take jera kayanta. Da ta yi masa allurar a dantse ta ce ya dawo bayan sati huɗu a yi ta biyu, sai ya ji kamar an yi masa albishir.

Tun kafin sati huɗun ya cika, direban motar rigakafi ya kawo mata takarda daga Bakura.

"Malamata, ciwon ƙafa ya warke, amma wani ya tashi a ƙirji. Ko minti dubu za ki ce in jira, zan jira. Naki, Sanusi."

Ta yi kwana uku tana murmushi ita kaɗai, sannan ta ba da amsa.

"Mai Ruwa, wannan ciwon ba a yi masa allura. Gidanmu yana Garbadu, sunan mahaifina Malam Jibrin."

Soyayya ta kankama. Wata la'asar a ƙofar gidansu ta ba shi labarin ƙafarta. Tana 'yar shekara tara zazzaɓi ya kama ta. A lokacin akwai wani mutum da ke shara a asibitin ma'aikatan dam, ya ga yadda ake allura, shi ke nan ya sayi keke ya ɗaura koren gwangwanin allurai a baya yana bin kasuwanni. Likitan Keke ake ce masa. Allura ɗaya yake tsira wa mutum goma, ya goge a hannun riga. Ya caka mata a tsakiyar ɗuwawu, ya taɓa jijiya, ƙafar ta shanye.

"Ina ihu, yana hira da mai goro, ko waiwayowa bai yi ba," in ji ta. "Saboda shi na tafi Sakkwato na koyi wanga aiki. Wallahi sai na raba shi da gwangwanin nan a gaban mutane."

Nan take Sanusi ya gane wanda take nufi. Koren gwangwanin nan a ɗakin mahaifinsa Malami yake kwana. Ya buɗe baki zai faɗa, tsoron rasa ta ya rufe masa shi. Kuskurensa ke nan, kuma ni ban ga laifin Taibatu ba a abin da ya biyo baya.

Mamuda, wani ɗan kasuwar shanu da ya daɗe yana son Taibatu tana ƙi, shi ya tono asirin. Ya je har zauren Malam Jibrin, bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Baba, yaron Bakura da ke zuwa gidanga, ɗan Likitan Keke ne fa."

Malam Jibrin ya miƙe tsaye. "Uban ya ɗauke mini ƙafar ɗiya, ɗan ya zo ɗaukar sauran? Kada ya sake tako ƙofata!"

Taibatu ta yi kuka har idonta ya kumbura, amma takardar da ta rubuta babu hawaye a cikinta.

"Sanusi, na faɗa maka ciwona kana zaune kana kallona, ashe ka san mai shi. Na tsani ubanka, kai kuma ban san inda zan ajiye ka ba. Kada ka sake rubuto mini."

Ya rubuto sau biyar, ta mayar da su a rufe. Ya roƙi mahaifinsa ya bar allura, Malami ya ce, "Shekara goma sha biyar ina yi, ɗiyar jiya za ta koya mini? Abin da ya same ta ƙaddara ce."

Bayan wata biyu, da hantsi, sai ga Sanusi ya faɗo asibiti ɗauke da Husaina, ɗiyar yayarsa 'yar shekara huɗu. Jikinta zafi rau, ɗuwawunta ya kumbura ya yi ruwa. A bayansa wani dattijo ne, hula a karkace, yana zare ido.

Taibatu ta gane shi nan take. Ba ta gaishe shi ba.

"Wa ya yi mata allura?"

Sanusi ya juya ya dubi mahaifinsa.

Babban malamin asibitin ya duba ya ce sai an tsaga an matse. Sanusi ya matso zai riƙe yarinyar, Taibatu ta ɗaga masa hannu.

"Ba kai ba. Shi zai riƙe ta." Ta dubi Malami ido cikin ido. "Riƙe ta da kyau, Baba. Nawa kukan ba ka tsaya ka ji ba, yau ka ji na jikarka."

Ya riƙe. Duk da maganin kashe zafi, Husaina ta tsala ihu tana kiran "Kaka! Kaka!" har aka gama. Taibatu ta auna nauyin yarinyar, ta lissafa maganinta daidai da shi, ta tafasa allura minti ashirin cif tana kallon agogo, tsohon yana tsaye gumi na zuba. Sannan ta yi mata a gefen cinya.

"Ka ga inda ake yi wa ƙaramin yaro? Ka ga tukunya? Wannan kawai ya raba ni da ƙafata."

Ta ɗan ɗage zaninta ta nuna masa siririn ƙwaurin. Malami ya durƙusa a ƙasa, dattijo guda, yana kuka. Ita kuwa, gaskiya, ranta fari ƙal.

Allah ya sa jijiyar Husaina ba ta taɓu ba. Ranar da aka sallame ta, Sanusi ya tsaya a bakin ƙofa.

"Malamata, na yi laifi. Tsoro ne ya hana ni faɗa."

"Har yanzu ina jin haushinka, Mai Ruwa."

"Amma kin kira sunan."

Ta kau da kai don kada ya ga murmushin. "Ka turo manyanka, ni zan shawo kan Baba. Amma sharaɗi ɗaya ne. Gwangwanin nan ya zo cikin lefena, a akwatin sama, kuma ba a naɗe ba."

Sanusi ya san me take nufi. Lefe ba a ɓoye shi, sai duk matan gari sun zo sun ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya. Da Malam Jibrin ya ji sharaɗin, ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "In uban ya iya wannan, na ba ɗansa."

Ranar kawo lefe, tsakar gidan Malam Jibrin ba masaka tsinke. Gwaggo Barira, wadda ta yi shekara biyu tana goyon Taibatu zuwa makaranta, ita ta buɗe akwatin sama. A kan atamfofi ga koren gwangwani, duk ya lotse. Ta ɗaga shi sama yadda ake ɗaga sarƙar zinariya.

"Jama'a, ga na Likitan Keke!"

Sai wata mata ta janyo ɗanta ta nuna tabon da ke ɗuwawunsa. Wata ta ce nata tun bara yake jan ƙafa. Kwana uku gwangwanin yana buɗe, har daga Janbako da Maradun mata suka zo kallo, babu wadda ta tambayi yawan atamfa. Mamuda ya ji labari a kara, kasuwar shanu, ya ce shi dama ba da gaske yake ba.

Aka ɗaura aure ranar Asabar. Da aka kai amarya Bakura aka shigar da ita gaida surukinta, Malami ya kasa ɗaga kai.

"Ɗiyata, kin yafe mini?"

"Na karɓi abin da na rantse zan karɓa, Baba. Yafiya kuwa ina roƙon Allah ya kawo mini ita, ba ta iso ba tukuna."

Ya gyaɗa kai. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu gudu da ƙafafunsu."

Sanusi ya ce amin da ƙarfi. Taibatu ta ce amin a hankali, hawaye na sauko mata.

Alluran ta ƙone su ta binne a rami mai zurfi. Gwangwanin kuma ta wanke ta ajiye a teburinta, a ciki take zuba katin rigakafin yara. Ranar rigakafin ƙyanda, bayan shekara biyu, Malami ne na huɗu a layi, ɗauke da ɗan Taibatu na fari. Wata mata a bayansa ta fara mitar an daɗe. Ya waiwaya ya ce, "Yi haƙuri, baiwar Allah. Sai ta tafasa."