Baduku da Ceɗiyar Maƙwabcinsa

A wani birni, can a zamanin da, an yi wani baduku mai aiki a ƙofar gidansa. Maƙwabcinsa maɗinki ne, yana da ceɗiya mai sanyin inuwa, kullum jama'a cike a gindinta. Baduku ya dubi can, ya dubi nan, abin ya tsaya masa a rai.

Da wani reshe ya miƙo wajensa, sai ya sa gatari ya sare. Ya ce, "Malam, kwashe kayanka."

Maɗinki ya ce, "Madalla, na gode." Lokacin damina ce. Ya kafa reshen a bakin hanya, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Reshe ya kama, ya yi toho.

Shekara ta zagayo, wani reshe ya miƙo. Baduku ya sare, maɗinki ya yi godiya, ya kafa. Wata shekarar ma haka.

A kwana a tashi, unguwa ta lulluɓe da inuwa. Ran nan baduku na zaune yana sharce gumi, ya jiyo wani baƙo yana tambayar gidansa. Wata tsohuwa ta ce, "Bi inuwar nan, ɗana. Inda rana ta doke ka, nan ne gidan."