Tukunyar Da Baba Ya Saya

Ran wata Lahadi a kasuwar Mai'adua aka fara. Mardiyya ta tsaya a rumfar masu tukwanen dalma, ta ɗauki wata madaidaiciya, ta ƙwanƙwasa gindinta da yatsa, ta jinjina nauyinta, sannan ta ɗaga ta saitin rana tana leƙa cikinta.

"Wannan za ta yi yoyo," ta ce.

Mai rumfar, wani saurayi da ake kira Munzali, ya miƙe zumbur kamar an tsikare shi. Shi yake narka dalmar a Daura, shi yake zuba tukwanen, kuma duk layin an san shi da ji da aikinsa.

"Haba 'yammata! Da hannuna fa na zuba ta."

"To hannun naka ya bar ƙofa. Zo ka gani."

Ya karɓa ya leƙa. Ga huda nan kuwa kamar ta allura, haske yana shigowa abinsa. Bawan Allah ya daɗe da kansa a cikin tukunya, don bai san da wane ido zai fito ba. Da ya fito sai ya tarar ta toshe baki da gefen hijabi tana dariya, kuma tun daga wannan dariyar Munzali bai ƙara zama daidai ba.

Ta zaɓi wata mai kaurin gindi, ta yi ciniki har sai da ya ji a jikinsa. Da ya tambayi unguwarsu ta ce, "Tukunya na zo saya, Malam, ba kwatancen gida na zo bayarwa ba."

Amma Daura ba ta ɓoye mutum. Kafin wata Lahadin ta zagayo ya yi sallama a ƙofar gidansu.

Mardiyya 'yar Malam Sada ce, manomi. Tana ƙarama mahaifiyarta ta rasu, don haka tun hannunta bai gama riƙe muciya ba take tuƙa wa mahaifinta da ƙannenta tuwo. A nan ta san tukunyar kirki da ta banza. Shi kuwa Malam Sada mutum ne mai sanyin magana da taurin zuciya. Ba a taɓa ganin ya miƙa wa wani hannu ba, ko gishiri ya ƙare a gidansa sai dai a sha miyar haka.

Soyayya ta kama su ba wuya. Da la'asar suke zance a zaure, in ya tafi kuma saƙo ya biyo baya.

"Alƙaliyata, yau duk tukunyar da na zuba sai na ji kamar kina tsaye a kaina kina harara. Kin hana ni ha'inci, kin hana ni barci."

Ita kuma ta mayar masa: "Maƙerina, ha'incin dai ka bar shi. Barci kuwa ka yi abinka, ina nan ba inda za ni."

Takan karanta nasa sau biyu, ta kifa wayar a ƙirji tana murmushi, har miya ta kusa kamawa. Tana son Munzali ƙwarai. Tana son yadda ba ya jin kunyar tabon wuta da ke hannunsa, da yadda yake tsugunawa har ƙasa in mahaifinta ya zo wucewa.

Manyansa suka zo, aka yi gaisuwa, aka sa rana bayan kaka. Sai ruwa ya ɗauke da wuri a wannan shekarar, gero ya tsaya bai cika ido ba. Abin da Malam Sada ya sa rai zai sayar ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki, da ƙyar zai kai gidan ga wata damina. Gado da katifa dangin mahaifiyarta sun ɗauka, saura kayan kicin, kuma wannan nasa ne. Ya aika a ɗaga biki, bai faɗi dalili ba.

Mardiyya ce ta faɗa. Munzali ya dame ta da tambaya ko wani laifi ya yi, tausayinsa ya kama ta, ta gaya masa gaskiya.

"Kayan kicin kawai?" ya ce, har da ajiyar zuciya. "Alƙaliyata, ki kwantar da hankalinki."

Da ta san abin da ke ransa da ta riƙe masa riga. Mai so wani lokaci hankalinsa a aljihu yake barinsa. Munzali ya koma maƙera ya zuba tukwane saiti guda, daga ta shayi har ta taron suna, ya goge su suna ƙyalli, ya haɗa da kasko da madambaci, ya loda a a-kori-kura. Da rana tsaka motar ta tsaya a ƙofar gidan Malam Sada, daidai lokacin da dattawan unguwa suke zaune a inuwar dogonyaro.

Wani daga cikinsu ya yi dariya ya ce, "Kai Malam Sada, ka yi dacen suruki! Har kicin ya ɗauke maka."

Mardiyya tana leƙe ta zaure ta ga fuskar mahaifinta ta canza. Bai ɗaga murya ba. Ya dubi direban ya ce, "Mayar masa da kayansa. Ka ce masa uwa Mardiyya ta rasa, ubanta yana nan da ransa."

Daga ranar aka hana Munzali zuwa zance. Baffansa Kalilu ya zo ba da haƙuri, Malam Sada ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi ruwa, ya ce a dakata da maganar tukuna. Kowa ya san irin wannan dakatawar, sau da yawa daga ita ba a komawa.

Saƙon Munzali ya shigo: "Wallahi ban yi don raini ba. So nake ki zo gidana, shi ke nan laifina. Ki ce min wani abu ko zagi ne."

Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. Daga ƙarshe ta tura: "Na sani. Amma ka kwance wa Babana zani a gaban abokansa. Ka ba ni lokaci."

Sai ga Gwaggo Haulatu, yayar Malam Sada, ta iso da shawarwarinta niƙi-niƙi. Ta ce ga Abdulrazak ɗan ƙawarta, mai fataucin kaya ta Kongolam, ya daɗe yana so, sadakinsa kaɗai zai cika kicin har ya yi saura. In kuma an nace sai maƙerin, to a yi yadda ake yi: a aro tangaran da kuloli a gidajen dangi, a yi jere, 'yan ganin ɗaki su gani su yaba, bayan sati kowa ya kwashe nasa.

"Aro?" in ji Malam Sada. "A ɗakin 'yata?"

"To me za ka jera mata, Sada? Taurin kan naka?"

Malam Sada ya tashi ya shige ɗakinsa. Tuwon dare ma ranar ko taɓawa bai yi ba. Bayan kwana biyu Mardiyya ta ji shi a zaure da dillali, ana maganar gonar da ya gada ta hanyar Dutsi. Gonar nan ita ce abincin ƙannenta, kuma ta san mahaifinta: zai sayar ya cika mata kabet da kwanukan da ba za ta taɓa cin abinci a ciki ba, don dai kada a sake yi masa dariya.

Da dillalin ya tafi ta kai masa ruwan alwala, ta durƙusa.

"Baba, ina da magana."

"Ina jin ki, uwata."

"Shekara nawa ina girki a gidan nan? Ka taɓa kwana da yunwa don ba mu da tangaran?"

Ya girgiza kai.

"Ragon nan na bayan gida ya isa, Baba. Ka kai ni kasuwa da kanka, ni zan zaɓa, kai za ka biya. Abin da kuɗin ya saya shi ne kayana. In aka sayar da gona saboda ni, wallahi duk abin da na dafa ba zai yi min daɗi ba."

Ya jawo butar da ke gabansa ya fara alwala. Can ya ce, "Allah ya kai mu Lahadi."

A daren Asabar bayan sallar isha'i ta tura saƙo: "Maƙerina, gobe wataƙila Baba ya zo rumfarka. In kana so na, ka sayar masa kamar yadda kake sayar wa kowa. Kada ka ce kyauta, kada ka yi masa ragin da ba ka yi wa wani. In ka tausaya masa, ka rasa ni."

Rago ya yi kuɗi daidai gwargwado a kara, wurin sayar da dabbobi. Suka shiga cikin kasuwa, Malam Sada a gaba, Mardiyya a baya, Gwaggo Haulatu tana biye tana mita.

A nan fa aka ga aiki. Mardiyya ta wuce rumfunan tangaran ko waiwaye ba ta yi ba. Ta zaɓi turmi na icce mai nauyi, ta duba ba tsaga, ta ce ƙarami ya ishi mutum biyu. Wuƙa ɗaya ta ɗauka, ta maƙeran gida, wadda in ta dakushe za a wasa. Muciya, ludayi, mara da rariya duk ba su ci wani abin kirki ba. Ta sa aka zuba ruwan zafi a kula aka rufe, ta taɓa bayanta ta ji ba ta fitar da zafi, sannan ta ce a ba ta guda.

"Guda?" Gwaggo ta riƙe haɓa. "'Yar gidan Auta kula goma sha biyu aka jera mata!"

"Gwaggo, miji ɗaya zan zuba wa abinci."

"To risho fa? Amarya ba risho?"

"Kananzir ya fi ƙarfinmu yanzu. Murhun gawayi zan ɗauka, in Allah ya buɗa a sayi risho daga baya."

Faranti kaɗan, kwanon sha, bokiti da baho. Duk abin da ta ɗaga sai ta tambayi kanta ko za ta taɓa shi kullum, in amsar a'a ce ta ajiye. Malam Sada yana biya yana satar kallonta. Rabon da ya ji ƙirjinsa ya yi faɗi haka har ya manta.

"Saura tukunya," ya ce.

Ta sunkuyar da kai. "Biyu sun isa, ta tuwo da ta miya, sai kasko. Amma Baba, a nan ne ba a yin arha. Mai siririn gindi ƙona abinci take yi, shekara ɗaya ta huje. Kuma duk kasuwar nan rumfa ɗaya na sani mai zuba na kirki."

Malam Sada ya tsaya cak a tsakiyar hanya, masu kaya suna ta kauce masa. Sai ya gyara hularsa ya ce, "Mu je."

Munzali yana hango su ya zare takalmi ya zube ƙasa. Gaisuwar ma da ƙyar ta fito.

"Tashi, ciniki na zo," in ji Malam Sada. Ya nuna tukwane biyu da kaskon da Mardiyya ta nuna masa da ido. "Nawa?"

Munzali ya buɗe baki zai yi magana. Kalmar kyauta tana kan harshensa, Mardiyya tana ganinta. Ya haɗiye ta, ya faɗi kuɗin gaskiya.

Malam Sada ya taya da rabi.

Munzali ya dubi ƙasa, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Albarka, Baba."

Gwaggo ta saki salati. "Yau na ga yaro! Uban yarinyar kake ce wa albarka?"

Malam Sada ya ƙara kaɗan. Munzali ya ce dalma ta yi tsada, a dai ƙara. Dattijo ya juya kamar zai tafi, saurayi ya dafe ƙirji bai kira shi ba. Dattijon ya dawo da kansa, aka ja, aka sake ja, har maƙwabtan rumfa suka taru kallo. Da aka kai inda kowa yake sayen irinsu, Munzali ya ce, "Na sallama." Ya sa hannu biyu ya karɓi kuɗin, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Ka yafe min, Baba. Rashin hankali ne."

Malam Sada ya ɗauki tukwanensa da kansa, ya hana kowa taya shi. Sai da ya yi taku biyu ya waiwayo.

"Ka iya ciniki. Ka gaya wa Kalilu ina gida ranar Juma'a."

Bayan sati uku aka ɗaura aure. 'Yan ganin ɗaki sun leƙa kicin sun ga kaya a kusurwa ɗaya, wasu suka taɓe baki. Abin mamaki, Gwaggo Haulatu ce ta tare ƙofa tana cewa, "Ku duba da kyau, ko cokali babu na aro. Ubanta ne ya saya!"

Da magariba aka kai amarya ta yi sallama da mahaifinta. Ta durƙusa a gabansa cikin lulluɓi tana kuka. Ya yi mata nasiha a kan haƙuri da tsoron Allah, sannan muryarsa ta karye.

"Uwata, ban iya cika miki ɗaki ba."

Ta kama ƙafarsa. "Baba, kullum na ɗora tukunya kai zan tuna. Wadda aka cika wa ɗaki ba ta fi ni uba ba."

Malam Sada ya juya fuskarsa ga bango don kada mata su ga hawayensa. Ya ɗora hannu a kanta ya ce, "Allah ya yi miki albarka, ke da mijinki. Allah kada ya sa tukunyarki ta kwana ba a ɗora ta ba."

Duk ɗakin aka amsa da amin. Munzali da ke tsugune a zaure da abokansa ya jiyo, ya shafa addu'ar tare da su.