Tafin Hannun Saje a Bayan Mota

Duk wanda ya yi aiki da ni ya san ni da tsiya. Ni na ɗaure wa sabon sufeto igiyoyin takalma wuri ɗaya yana gyangyaɗi, ya tashi sara wa babba ya kife. Shekara goma sha tara ina kofur a aikin ɗan sanda, igiya biyu ta ƙi zama uku, kuma ban ga laifin kowa ba. Saje kaɗai ya yarda yana fita sintiri da ni. Yakan ce, "Kai halinka ne ya lalace, amma idonka da kyau."

Yana da karatun da yake biya mini kullum har na haddace. Kafin ka sauka, faɗa wa ofis lambar mota da inda kake. In ka isa motar da ka tsayar, dafa bayanta da tafin hannu, ko wani abu ya same ka shaidar yatsunka tana nan. Kalli hannun direba, fuska ba ta harbi. Shi kuwa wanda ya tsaya baya aikinsa ɗaya tak, kada ya ɗauke ido daga abokinsa ko da ƙuda ya shiga hancinsa.

Ran nan dab da magariba muna kan hanyar bayan tsohuwar masana'anta. A aljihuna akwai macijin roba da na saya tun safe, don Saje ko igiya ya gani a ƙasa sai ya yi salati.

Wata farar mota tana tafe a gabanmu, sannu a hankali, ba fitila. Saje ya buga jiniya sau ɗaya. Ta tsaya cak. Ban ji ƙarar birki ba.

Na ɗauki oba-oba na karanta lambar. Matar da ke kan rediyo a ofis ta ce, "Maimaita." Na maimaita. Ta ce, "Bari in duba."

Saje ya sauka, ya manta hularsa a kan kujera. Ni ma na sauka na tsaya bayan ƙofarmu. Ya dafa bayan motar, ya wuce gefen direba, ya yi sallama. Bai waiwayo ba ya tambaya, yadda ya saba, "Kana ganina?"

"Ina ganinka, Oga."

Sai shaiɗan ya nuna mini hular nan. Na ce a raina, ƙiftawa da bismillah ne. Na sunkuya cikin mota, na naɗe macijin, na cusa shi ciki, ina danne dariya.

Oba-oba ta yi ƙara dab da kunnena. Muryar matar ta koma raɗa.

"Kofur, kada ku sauka. Motar nan tana bayan ofishinmu. Ba inji, ba tayoyi, shekara bakwai. Ga ta nan ina kallonta ta taga."

Na ɗago.

Babu Saje a gefen direba.

Gyare sun yi shiru. Wani wari ya taso, kamar toka da aka kashe da ruwa. Bututun hayaƙin motar ba ya fitar da komai.

Ta gilashin baya na hango ƙeyarsa. Yana zaune a kujerar baya, a miƙe kamar ana fareti. Kusa da shi wasu ƙeyoyin ne, a matse, duka da kaki.

"Oga?"

Na tuna karatu, na nemi hannun direba. Ya fito ta taga. Ya yi ta fitowa har yatsun suka taɓa kwalta, sannan suka juyo suna kirana.

Ƙafafuna suka tafi da kansu.

Na isa bayan motar. Hannuna ya ɗagu zai dafa, don abin ya zama jiki. A nan na gan su cikin dattin fenti, tafin hannu shida. Biyar sun bushe. Ɗaya da danshi.

Muryar Saje ta fito can ƙasa, kamar daga rijiya.

"Kada ka dafa."

Na faɗa da baya. Ayatul Kursiyyu ta zo mini a hargitse, na karanta ta a haka. Motar ta ja, ba ƙara, duhu ya haɗiye ta.

An yi wata uku ana nema. Motar bayan ofis tana nan kan duwatsu, ciyawa ta fito ta cikinta, da tafi shida a bayanta. An wanke da sabulu, kashegari suka dawo. Masu bincike sun auna na shidan, na Saje ne. Karatunsa ya yi aiki ke nan, mun san inda ya dafa, ba mu san inda yake ba.

Ni aka aika in kai wa matarsa kayansa. Ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Ƙanina, kullum yakan ce idonka yana kansa. Gaya mini abin da ka gani lokacin da suka ɗauke shi."

Na miƙa mata hular. Ta juya ta za ta rungume, macijin ya faɗo a cinyarta.

Ba ta yi ihu ba. Ta dube shi, ta dube ni.

Yanzu ba mai yarda ya fita da ni, a teburin ƙofa nake zama. Kullum dab da magariba oba-oba takan yi ƙara, ni kaɗai nake ji.

"Kana ganina?"

Nakan buɗe ido har hawaye ya zubo. Ba na ganinsa.