'Yar Zare da Mai Hoto

A ƙofar shagonsa ya fara ganinta. Ta ɗora wata jakar kwarashi a kan dakali, tana ta kai-komo da waya, hoton ya ƙi fita.

"'Yar'uwa, inuwarki ce ke rufe jakar," in ji mai hoton. "Ɗan matso nan."

Ta matsa, ta duba wayar, ta tuntsire da dariya. "Kwana uku ina zagin wayata, ashe laifina ne."

Ta faɗa masa ita ke saƙawa, kuma shafi take son buɗewa a intanet, ta riƙa sayarwa tana koyar da saƙa. Daga ranar, duk Asabar sai ta zo da leda cike da jakunkuna da hulunan jarirai. Shi ya ɗauki hoto, ita ta rubuta bayani.

Ranar da odar farko ta shigo, saƙonta ya same shi yana tsakiyar aiki:

"Wata ta sayi hula biyu!"

"Barka, 'Yar Zarena. A sa ni a layi. Amma ni ba hula nake so ba, mai saƙar nake so."

Ta amsa: "Wannan ba ta kan shafi. Sai an je wajen Baba."

Baba kuwa da ya ji, sai ya haɗe rai. "Mai hoto? Wanda ya baza min 'ya a duniya kowa na kallo? Ga ɗan ƙanwata ma'aikacin banki yana jira."

Mako uku shafin ya yi tsit. Ta daina zuwa shago. Mai hoto ya ga motar ɗan bankin a ƙofar gidansu har sau biyu, ya koma jiki a sanyaye. Ya rubuta: "In kin zaɓa, Allah ya sa alheri."

"Na zaɓa tun tuni, sarkin gajen haƙuri. Baba nake lallashi."

Mama ce ta miƙa wa Baba wayar wata safiya, ta ce ya duba da idonsa. Ya sa tabarau, ya bi shafin tun daga farko. Zare, kwarashi, hannuwan 'yarsa suna aiki. A ƙasa wata mata ta rubuta cewa da saƙar da ta koya a nan take ciyar da marayunta uku.

Baba ya ajiye wayar. Sannan ya sa aka kira mai hoto.

"Na duba hoto ya fi ɗari biyu," ya ce, "ban ga ɗaya da ya taɓa mata mutunci ba. Turo manyanka."

Ranar aure, ango ya kasa zama. Yana ta gyara wa wanda aka ɗauko ya yi musu hoto tsayuwa, har amarya ta riƙo hannun rigarsa.

"Angona, yau kai za a ɗauka. Tsaya nan kusa da ni."

Ya tsaya. Baba ya dafa kafaɗunsu. "Allah ya yi muku albarka, ya bar ku tare har tsufa."